Karyewar wuya ba aikin mai ɗori ba ce

A watan jiya wani ɗan okada na zangonmu ya faɗi, ƙashin wuyansa ya goce. Likitoci suka ce sai an yi masa aiki an saka ƙarfe. Da jin haka sai dangi suka ɗauke shi zuwa wurin mai ɗori, wai ƙarfe zai yi tsatsa a jikinsa. Da ya fita asibiti yana motsa yatsunsa. Yau sai an juya shi a kan gado.

Ba mu raina masu ɗori ba, da yawanmu sun ɗora mana hannu ko ƙafa muna yara. Amma wuya daban ne. Ƙasusuwa 7 ne a jere, kuma ta cikinsu lakar da ke kai saƙon ƙwaƙwalwa ga hannaye da ƙafafu ta bi. Ja ɗaya ko murɗa ɗaya ya isa ya lalata ta.

Shi aikin ba sabo ba ne, tun 1958 likitocin Amurka suka bayyana yadda ake shiga ta gaban wuya. Ana cire faifan guringuntsin da ya lalace tsakanin ƙashi biyu, a cike gurbin da guntun ƙashi ko wani ɗan keji, sannan a ɗaure da ƙaramin faranti da kusoshi masu murɗi. Yawanci da taitaniyam ake yin su, kuma ba ya tsatsa. Aikinsa shi ne ya riƙe wurin har ƙasusuwan su haɗe su zama ɗaya, abin da kan ɗauki wata 3 zuwa 6, wani lokaci fiye. Masu shan taba su sani, sigari na hana ƙashin haɗewa da wuri. Ƙarfen ba ya maido da lakar da ta riga ta tsinke, shi ya sa jinkiri ke da tsada.

Mun san ba tsoro kaɗai ke korar mutanenmu ba, akwai kuɗi. Ana yin aikin a Korle Bu da Komfo Anokye, amma katin inshorar lafiya a aljihu bai hana iyali neman sidi masu yawa ba. To mu da ke tara kuɗin biki da suna cikin mako guda, me ya hana mu yi asusun haɗari? Muna roƙon sarakunan zango da limamai su sa baki, kowace tashar okada ta riƙa zuba wani abu duk Juma'a.

Kafin nan, in wani ya faɗi yana kukan wuya, kada a ɗaga shi zaune, kada a cusa shi cikin tasi. A riƙe kansa daidai da jikinsa, a kira 112.