FILIN SANIN AIKI: Moter ɗin firigo da maigadinsa

A watan Afrilu da na Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a Tawa, Maraɗi, Damagaram da Yamai. Lokacin nan ne firigo ya fi aiki, lokacin nan ne kuma ya fi lalacewa.

Yau firigo ba kayan birni ba ne kaɗai. Akwai shi a likitar ƙauye, inda ake ajiye allurar rigakafin yara. Akwai shi wurin ma'aikatan kiwo, inda ake ajiye allurar bisashe irin wadda LABOCEL take yi a Yamai. Yawancin alluran nan suna son sanyi tsakanin digiri 2 da 8. A wuraren tattara madara, kamar na Hamdallay da na Kollo, ana sanyaya madara zuwa wajen digiri 4. In moter ya ƙone, allura ta lalace, madara ta yi tsami, makiyayi ne zai yi hasara.

Ina moter yake?

A bayan firigo, daga ƙasa, akwai wata baƙar tukunya ta ƙarfe. Masu gyara suna ce mata komparesar. Moter yana cikinta, shi ne yake tura gaz cikin bututu har sanyi ya samu. Cikin moter akwai siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗa, an shafe ta da wani fenti don kada zare ya taɓa ɗan uwansa. In zafi ya yi yawa, fentin ya ƙone, wayoyi su haɗu, moter ya mutu. Tukunyar a like take. In ta ƙone, galibi sai an sayi wata.

Masu kula da shi su uku ne

Na farko shi ne termosta. Shi yake jin sanyin cikin firigo. In sanyi ya isa, ya tsai da moter. In sanyi ya ragu, ya tashe shi.

Na biyu shi ne rele na tashi. Jaki mai jan amalanke ya fi shan wuya a takun farko. Haka moter yake: lokacin tashi yakan ja wuta ninki 5 zuwa 7 na abin da yake ja in ya kama gudu. Rele yana taimaka masa ɗan lokaci kaɗan, sa'an nan ya sake shi.

Na uku shi ne maigadi, wanda masu gyara suke kira kilikson. Ɗan ƙaramin abu ne a manne jikin tukunyar. A cikinsa akwai faifan ƙarfe iri biyu da aka haɗa. In sun yi zafi, ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, sai faifan ya lanƙwashe, ya yanke wuta. In ya huce, ya koma, wuta ta dawo. Shi ne ƙarar "ƙas" da ake ji.

In firigo yana gurnani kaɗan, ya yi "ƙas", ya yi shiru, bayan ƴan mintoci ya sake, to maigadi ne yake faɗakarwa. Raƙumin da aka yi wa kaya fiye da ƙarfinsa yakan ƙi tashi, mai hankali kuwa rage masa kaya yake yi. A cire firigon daga wuta, a nemi dalili.

Me yake wahal da moter?

Akwai ƙarancin wuta. Kuran na gidaje a Nijar wolt 220 ne. Da bazara, kowa ya kunna fanka da firigo, ƙarfinsa yakan ragu, musamman a ƙarshen layi. In ya sauka ƙasa da wolt 190, moter yakan kasa tashi, ya tsaya yana jan wuta yana zafi. Alamarsa ita ce fitila ta yi ja-ja. Doguwar waya siririya da aka jawo daga gidan maƙwabci ita ma tana rage ƙarfin wuta. Haka nan ƙaramin gurup wanda bai iya ɗaukar nauyin tashin moter ba.

Akwai ɗaukewar wuta da dawowarta nan take. Lokacin nan gaz yana nan a matse cikin bututu, moter ba ya iya tura shi. Sai an bar shi wajen minti 5 kafin matsin ya sauka.

Akwai ƙura da rashin iska. Ragar ƙarfen da take bayan firigo ita take fidda zafi. In ƙurar hunturu ta rufe ta, ko an manna firigo da bango, zafi ba ya fita.

Akwai kuma irin firigon kansa. A jikin kowane akwai takarda ko ɗan faranti mai rubutu. Harafin N yana nufin an yi shi don zafin ɗaki har digiri 32. ST har digiri 38. T har digiri 43. Tsofaffin firigo da ake kawowa daga Turai da yawansu N ne. Mai saye ya nemi T.

Kada a kori maigadi

Wani mai gyara, in ya ga maigadi yana yawan yanke wuta, sai ya cire shi ya haɗa waya kai tsaye. Firigo ya tashi, mai shi ya yi murna. Ranar da wuta ta yi ƙasa, babu mai tsai da moter, sai ya ƙone, har gobara tana iya tashi. Haka nan fizibil: in ya ƙone, a sa wani mai lamba ɗaya da shi. Kada a sa waya ko takardar taba a madadinsa. Kuɗin kilikson kaɗan ne, na komparesar kuwa ya ninka shi sau da yawa.

Manyan injuna

Babban tankin sanyaya madara da ɗakin sanyi sukan yi aiki da layin wuta 3. Suna da akwati mai kontaktar da rele na zafi. In layi ɗaya ya katse, moter ya ci gaba da juyawa da sauran biyun yana zafi, rele ne yake ceton sa. Akwai ɗan maɓalli mai lambobi a jikin rele. Ana daidaita shi da lambar ampar da take rubuce a farantin moter. Kada a ƙara lambar don a huta da yankewa. In ya yanke, a gano dalili kafin a danna maɓallin maidowa.

Injin ƙyanƙyasar ƙwai ma haka yake. Yana son zafi wajen digiri 37 da rabi, fanka ce take rarraba shi. In moter ɗin fanka ya tsaya, wayar zafi ta ci gaba da aiki, ƙwan kusa da ita ya dahu, na nesa ya yi sanyi. Saboda haka a riƙa sauraren fanka safe da yamma, kada kuma a cire abin yanke zafin da yake ciki.

Abin da za a riƙe

1. In wuta ta ɗauke, a cire firigo. In ta dawo, a jira minti 5.
2. In fitila ta yi ja-ja, a cire shi har wuta ta daidaita.
3. A bar santimita 10 tsakaninsa da bango, a sa shi a inuwa.
4. A share ragar baya sau ɗaya a wata, bayan an cire wuta.
5. Kada a taɓa waya da jiƙaƙƙen hannu. Buɗe akwatin wuta aikin mai gyara ne.

Mai kula da firigon kofaratib ko na likita ya rubuta digirin sanyi kowace safiya da maraice. In ya ga ya wuce 8, ya kwashe allura zuwa akwatin ƙanƙara, ya sanar da shugabansa tun ranar. Wanda ya karanta wannan fili ya karanta wa na kusa da shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.