Ciwon mara ba raki ba ne, aure kuma ba maganinsa ba ne

Bari in fara da laifina kafin in taɓo na kowa. A shekarata ta uku da fara koyarwa ina riƙe da ajin CM2 a wani ƙauye. Cikin ajin akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara 13 ba, mai kaifin kai, musamman wajen lissafi. Wata safiya muna tsakiyar dikte sai na ga ta aje alƙalami ta kifa kai bisa teburi. Na kira ta, ba ta ɗago ba. Na ce ta fito ta durƙusa gaban allo, tunda barci ya kawo ta lakwal. Ta fito dafe da mara, zufa na keto mata, ta durƙusa ba ta ce mini uffan ba. Ba a jima ba ta yi amai a ƙasa, ƴan maza suka kwashe da dariya. Kwana uku ba ta zo ba. Wata na zagayowa ta sake ɓacewa, na bayansa ma haka. Kafin damina ta faɗi an ɗaura mata aure. Da na je gidansu, uwarta ta ce mini: "Madam, ai ciwon nan nata an ce ba ya barinta sai ta yi aure."

Ni mace ce, na san abin da dafe mara yake nufi, ni ma na sha shi ina budurwa. Amma ranar abin da aka yi mini shi na yi mata. An ce ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, sai dai a wannan magana mu mata mun fi kowa zafin hannu. Uwa ta ce "mu ma haka muka yi", gwaggo ta ce "raki ne", malama ta ce "ƙyuya ce". Yau shekara ashirin ke nan, yarinyar nan ba ta fita daga raina ba, shi ya sa nake rubutun nan ga malamai ƴan uwana da iyayen yara.

Mu fara da sanin abin da ke faruwa cikin jiki, don rashin sani ya fi dare duhu. Kowane wata mahaifa tana shimfiɗa wani rufi daga ciki. In ba a samu ciki ba, rufin yakan saɓule ya fita tare da jini. Don ta fitar da shi, mahaifa tana matsewa tana saki, kuma wani sinadari da jiki ke yi da kansa, mai suna furostagilandin, shi ke sa ta wannan matsewa. Wasu mata jikinsu yana yin sinadarin da yawa, sai mahaifa ta riƙa murɗawa da ƙarfi har jinin da ke ciyar da namanta ya ragu. Nan ciwon yake. Wannan sinadari kuma shi ke kawo amai da zawo da ciwon kai da ciwon baya da na cinyoyi. Yakan fara gab da zuwan jini, ya fi tsanani a rana ta farko da ta biyu, sannan ya lafa. Ashe yarinyar da na durƙusar ciwo ne da ita wanda aka san sunansa, aka san sababinsa, kuma maganinsa yana nan cikin farmasi. A makarantar horon malamai an koya mana yadda ake tsara darasi minti-minti, amma ba na tuna ranar da aka ce mana ga abin yi in ɗalibarka ta murƙushe da ciwon mara.

Ku yi lissafin da kanku. Shekarar karatu wata tara ce, daga Oktoba zuwa Yuni. Yarinyar da ke fashin kwana biyu kowane wata ta rasa kwana 18. In kwana uku ne, 27. Kusan wata guda na karatu ke nan, ban da ranakun da take zaune cikin aji jikinta na nan hankalinta na kan mara. In jarrabawa ta faɗo kan ranar, sifiri za a rubuta mata. Ƙarshen shekara mu malamai mu zauna mu ce ba ta da ƙoƙari, uba ya dubi sakamako ya ce karatun ma ba ya ci, gara a yi abin da ya fi. Ta haka ciwon kwana biyu yake cinye makomar mutum.

Yanzu ga maganar aure. Ba zan yi ƙarya ba: mata da dama ciwonsu yana raguwa in shekaru suka ja, wasu kuma bayan haihuwa. Daga nan maganar ta samo tushe. Amma ɗaurin aure ba ya taɓa sinadarin da ke murɗa mahaifa, kuma akwai matan aure masu ƴaƴa huɗu da biyar da har yau suke birgima kowane wata. Ku tambayi kowace ungozoma a gidan likita. A ƙasar da alƙaluman UNICEF suka nuna ƴan mata 76 cikin 100 ana aurar da su kafin shekara 18, bai kamata mu ƙara wa masu neman hujja wata hujja ba. Tun Disamba 2017 akwai dokar gwamnati ta kare ƴa mace da tallafa mata tana cikin karatu. Amma takarda ba ta riƙe yarinya a aji in gida da lakwal sun haɗu sun yarda cewa ciwonta miji ne maganinsa. Wanda yake da niyyar aurar da ɗiyarsa ya fito ya faɗi dalilinsa na gaskiya, ya daina fakewa da mararta.

Akwai kuma masu cewa zaƙi ta sha da yawa, ko sanyi ne ya kama ta, ko aljani ne ya aure ta. A yi ta ɗirka mata jiƙo da kanwa, a yi hayaƙi, wata da watanni, ba a taɓa taka ƙofar likita ba. Wasu yaran kuma, da suka ga ba mai sauraronsu, sai su tari mai tallar magani a tire bakin kasuwa, ya ƙirgo musu ƙwayoyi ja da kore waɗanda shi kansa bai san sunansu ba, sun sha rana sun sha ƙura. A irin tiren nan ake samun taramol, kuma duk mun ga abin da ya yi wa samarinmu. Shirun da muke yi shi ke tura ƴaƴanmu wurin.

Alhali abin da ke taimakawa sananne ne. Ibuprofen da ƴan uwansa suna rage yin wancan sinadari, shi ya sa suka fi dacewa da ciwon mara. Sirrin shi ne a fara sha da wuri, da alamar farko ta ciwo ko ta jini, kada a jira sai yarinya ta kwanta tana kuka. A sha bayan an ci abinci, a bi ƙa'idar da majo ko mai farmasi ya faɗa, kwana biyu ko uku ya isa. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko asma kada ta sha sai likita ya yarda, akwai farasitamol. Kuma a cire tsoron nan da ake sa wa yara cewa maganin ciwon mara yana hana haihuwa, ba ya hanawa. Ɗumi ma magani ne: a zuba ruwan zafi a kwalba, a naɗe da zane, a ɗora bisa mara. Tafiya da motsa jiki a sauran kwanakin wata suna ragewa. Yarinya ta riƙa rubuta ranar da jini ya zo a bayan littafinta, don ta san lokacin da za ta shirya. Mai zubar da jini da yawa tana bukatar abinci mai gina jini, irin su hanta da nama da wake da zogale, kuma a raba shan shayi da lokacin cin abinci, don yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe.

Amma ba kowane ciwon mara ne ake jiyya a gida ba, kuma nan haƙurin da muke koyarwa yake zama cuta. In an sha magani bisa ƙa'ida wata biyu, uku, ciwo bai saurara ba. In yana ƙaruwa wata bayan wata, ko yana zuwa ba lokacin al'ada ba. In jini ya wuce kwana bakwai, ko tana sauya ƙunzugu kowace awa ko biyu, ko gudaji manya na fita. In tana jiri, tana suma, idonta ya yi fari. In akwai zazzaɓi ko ruwa mai wari, to a kai ta CSI, in sun tura gaba a je. Akwai cutar da ake kira endometiriyoz, inda nama irin na rufin mahaifa yake tsirowa a wajenta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana damun wajen mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa, kimanin miliyan 190 a duniya, kuma tana iya kawo wahalar samun ciki. Sau da yawa tun ana budurwa take farawa. Wato yarinyar da aka ce ta yi shiru har ta yi aure, wataƙila ita ce gobe za a zarga da rashin haihuwa, a yi mata kishiya, kan cutar da ta yi shekara goma tana faɗa ba a ji.

Za a ce mini kunya ce ta hana. Wace kunya? Littafin Ahalari da yaranmu ke karantawa a makarantun islamiyya yana da fasali kan haila, malam yana karantar da shi gaban maza da mata. Addini ya ɗauke wa mai haila salla, ya ce ta aje azumi ta rama daga baya. Mu kuwa a lakwal ko izinin fita bayan gida sai ta yi bayani gaban yara sittin. Kunyar da ke sa uba ya kasa tambayar lafiyar ɗiyarsa, amma ba ta hana shi karɓar sadakinta ba, ni ban san sunanta ba.

Wasu abokan aiki kuma sukan ce in aka buɗe ƙofar, kowace za ta ce mara ke mata ciwo don ta gudu daga aiki. To, wata za ta yi ƙarya, kamar yadda ƴan maza ke ƙaryar ciwon kai ranar lissafi. Malamin da ya san ajinsa yana gane wannan cikin wata biyu, tunda ciwon gaskiya da kwanan wata yake tafiya. In ma an yaudare ni sau ɗaya, asarar darasi guda ce. In na ƙaryata mai gaskiya, na riga na gaya muku abin da na rasa. A Zambiya doka ta ba kowace ma'aikaciya kwana ɗaya a wata ba tare da takardar likita ba, Japan kuwa tun 1947 take da hutun al'ada cikin dokar aikinta. Manyan mata masu albashi ke nan. Mu yarinya ƴar shekara 13 muke cewa ta cije.

Abin da nake nema ba ya jiran kuɗin wata ƙungiya daga waje. Kowace makaranta ta ware malama guda, in babu malama a samu uwa daga ƙungiyar AME, wadda yara suka san za su iya zuwa wurinta. A samu tabarma a inuwa inda yarinya za ta kwanta awa guda ta koma aji, maimakon ta tafi gida kwana uku. Kwamitin COGES, da yake iya tara kuɗin alli da gyaran rumfa, ya sa audugar mata da sabulu da buta cikin lissafinsa, ya sa ƙyaure da sakata a bayan gidan ƴan mata. Darakta ya yarda wadda jarrabawa ta riske ta cikin ciwo ta rama. A gayyaci majo ko ungozoma sau ɗaya a shekara su yi wa yara da iyaye mata bayani. Ranar 28 ga Mayu, da duniya ta keɓe don tsaftar al'ada, tana cikin shekarar karatu. Malamai maza kuma, ba a ce ku zama likitoci ba. In yarinya ta ce ba ta da lafiya, ku ce ta je wurin madam, ku kuma tsawata wa mai dariya.

Iyaye mata, ku gaya wa ƴaƴanku tun kafin jinin farko ya zo, kada su koya a bakin ƙawaye. Ku daina auna ciwonsu da naku, jiki ba ɗaya ba ne. Iyaye maza, in uwar ɗaki ta ce a ba da kuɗin kai yarinya likita, ku bayar ba tare da dogon bincike ba. Kuna sa fiye da haka a katin waya.

Yanzu a ajina akwai kwalba da tsohon zane cikin kabad, kuma yaran sun san alamar da za su yi mini da hannu ba sai sun yi magana ba. Bara uku daga cikinsu na raka CSI tare da iyayensu, dukansu suna kwalej yau. Ita kuwa ta farkon, na gan ta a wata kasuwa shekarun baya, goye da yaro tana jan wani. Ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi. Na tambaye ta ciwon, ta yi murmushi ta ce: "Yana nan, Madam."