Tarkacen Jirgin Sama A Jikin Babur: Ado Ko Ilimi?

A Turai da Amurka akwai masu sha'awar tsintar sassan tsofaffin jiragen sama su harhaɗa babur da su. Wasu kan ɗauki wannan a matsayin wasan masu kuɗi, amma zumuncin babur da jirgin sama tsoho ne. A 1907 Glenn Curtiss na Amurka ya ɗora wa babur inji mai silinda 8 wanda aka ƙera domin jirgin balan-balan, ya yi gudun kusan kilomita 219 a awa. Haka kuma babur ɗin Vespa, wanda ya fito a Italiya a 1946, injiniyan jiragen sama ne, Corradino D'Ascanio, ya zana shi.

A ƙasar Hausa ma an ga irin wannan himma. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da sassan mota da na babur da tarkacen wani jirgin Boeing 747 da ya faɗi kusa da Kano. Injin Honda Civic ya sa masa. Jirgin ya tashi, amma bai wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba. Himmarsa ta cancanci yabo, sai dai sakamakon ya nuna cewa harhaɗa sassa daban, ƙira bisa awo da lissafi daban.

Wannan darasi ya shafi ƙasar noma irin ta Funtuwa da Malumfashi, inda babur yake dakon masara da taki da auduga. Abin da ya kamata ɗalibi ya ɗauko daga jirgin sama shi ne dabarar haɗa rashin nauyi da ƙwari, ba siffarsa ba. Alminiyom, wanda ake zuba tukwane da shi, nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe mai girma ɗaya da shi. Duk kilon da aka rage wa amalanken babur, kilo ne da aka ƙara wa kayan manomi.

Amma fa akwai haɗari. Alminiyom ɗin jikin jirgi yawanci gauraye yake da jan ƙarfe domin ya yi ƙwari, kuma irin wannan gami ba ya karɓar walda ta yau da kullum. Wurin da aka yi waldar yakan tsage. Shi ya sa ake ɗinke jikin jirgi da dubban ƙusoshi da ake daddaɓe kawunansu. Bugu da ƙari, ƙarfe yana gajiya. Wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye ya ga misalinsa. Tsohon sashen jirgi ya sha irin wannan wahala shekara da shekaru, kuma tsagar da ke cikinsa ba lallai ido ya gan ta ba. Wanda ya yi ƙashin babur da shi, ya ɗora buhu biyu ya hau hanyar kasuwa, ya yi caca da ransa.

Saboda haka aiki ya rage ga malaman kimiyya. Ya dace su riƙa kai ɗalibai rumfunan masu walda da maƙera, a auna nauyin ƙarafa, a gwada nauyin da kowanne zai ɗauka kafin ya lanƙwashe, a rubuta sakamako. Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ba ta da nisa da Funtuwa, ziyara guda za ta buɗe idon ɗalibai. Mai walda yana da hannu, ɗalibi yana da lissafi, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.