Tallafin Auduga: Da Sunan Wa Ake Rubuta Shi?

Jama'a, tun 1925 da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar aka buɗe gonakin Jazira, hannun Bahaushe bai rabu da auduga ba. Iyayenmu da suka biyo sawun Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, da mahajjatan da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka, suna cikin waɗanda suka yi cirar ciyawa da tsinkar farin zinariyar Sudan. A shekarun 1930, da farashi ya faɗi masu hawasha da yawa suka gudu, wasu daga cikin mutanenmu ne suka karɓi gonakin.

Amma littafin hukuma mai hawasha kaɗai ya sani. A tsarin farko, kashi 40 cikin 100 na riba nasa ne, saura na gwamnati da kamfanin Turawan Ingila. Hukumar Jazira ta karɓi ragama a 1950, aka koma asusun kowa da kansa a 1981, dokar 2005 kuma ta ba manomi 'yancin shuka abin da ya ga dama. Duk wannan sauyi bai taɓa mazaunin kambo ba. Bashin banki, da iri, da taki, da yafe bashi in shekara ta ɓaci, duk sunan mai hawasha suke bi, ko da yana zaune a Hartum, wani ne ke nome masa gonar a kan rabi da rabi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duniya ma ta san wannan ciwo. A taron Kankun na 2003, Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali sun koka cewa tallafin da Amurka ke ba manomanta yana karya farashin audugarsu. Darasin ɗaya ne: tallafin da ya sauka a hannun mai ƙarfi, mai rauni ne ke biyan kuɗinsa.

Wani zai ce mai hawasha shi ke ɗaukar bashi da harajin ruwa, don haka shi ya cancanta. Ba mu musa ba. Amma in tsutsa ta cinye gona, mai rabi ma ya yi asarar shekara guda, ba mai yafe masa kome.

Yaƙin da ya shiga Wad Madani a Disambar 2023 ya ɗaiɗaita aikin gona. In za a sake gina Jazira, muna neman abu biyu: a rubuta yarjejeniyar rabi da rabi a gaban hukuma, a kuma raba tallafi gwargwadon yadda ake raba amfani. Mu kuma, dattawanmu da matasanmu masu ilimi, daga Mai Wurno zuwa Damazin, su fara tattara sunayen manomanmu tun yanzu, kafin a buɗe sabon littafi babu mu a ciki.