Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Me Iyaye Za Su Sa Ranar Neman Gurbin Makaranta a Ingila?

A ranar 1 ga Maris ta kowace shekara ake sanar da iyaye a Ingila makarantar sakandaren da aka ba 'ya'yansu, na firamare kuma ranar 16 ga Afrilu. Duk wanda aka hana ɗansa makarantar da ya nema, doka ta ba shi damar ɗaukaka ƙara gaban kwamiti mai zaman kansa. Da zarar lokacin ya zo, sai tambaya ɗaya ta cika zaurukan WhatsApp na Hausawa mazauna Landan da Manchester da Birmingham: wane kaya za mu sa ranar zaman? Amsar da aka fi bayarwa ita ce maigida ya nemi kwat da laktaye, uwargida kuma ta ajiye dogon hijabinta, wai don kada a raina su. Wannan gurguwar shawara ce, kuma tana iya jawo wa yaro asarar gurbin da ake fafutuka a kansa.

Mu duba abin da kwamitin yake yi. Ƙa'idar sauraron irin waɗannan ƙararraki, wadda aka sabunta a 2022, ta ce mutum uku aƙalla za su zauna, a cikinsu akwai mai masaniyar harkar ilimi da kuma wanda ba sana'arsa ba ce, sannan ga magatakarda mai rubuta bayanan zaman. Mataki biyu suke bi. Da farko su tambaya: shin tsarin ɗaukar ɗalibai na makarantar ya dace da doka, kuma an bi shi daidai a kan wannan yaron? Shin ƙara ɗalibi zai cutar da karatun sauran? Idan makaranta ta tabbatar da cutarwar, sai su ɗora hujjarta da ta iyaye a kan ma'auni, su ga wadda ta rinjaya. Bayan haka wajibi ne su rubuto wasiƙar da ke bayyana dalilan hukuncinsu. Ina gurbin laktaye a cikin wannan lissafi?

Ga ƙananan yara kuwa, ƙofar ta fi ƙunci. Doka ta hana ajin 'yan shekara 5 zuwa 7 ya wuce ɗalibai 30 ga malami ɗaya. Idan cikar aji ce dalilin hanawa, da wuya kwamiti ya sauya hukunci sai an nuna kuskure wajen bin tsari wanda ya hana yaron gurbin da ya cancanta, ko kuma hukuncin ya saɓa wa hankali ƙarara. Uban da ya gano cewa an auna nisan gidansa zuwa makaranta ba daidai ba, ya fi ƙarfin hujja ko da tsohon kaftani ya je, a kan wanda ya sha kwat ɗin fam ɗari uku amma bai karanta takardar makarantar ba.

Masu ba da waccan shawara za su ce 'yan kwamiti mutane ne, kuma ido shi ke fara hukunci kafin kunne. Ban musa ba. To amma su dubi abin da suke roƙon iyaye su yi. Matar da ta shekara ashirin ba ta fita ba hijabi, a ce ta tuɓe shi a ranar da ta fi bukatar natsuwa, ta zauna gaban baƙi tana gyaran wuyan riga maimakon ta bi bayanin wakilin makaranta ta kama shi da tambaya. Kayan aro ba ya rufe katara. Sannan Dokar Daidaito ta 2010 ta haramta nuna bambanci saboda addini ko launin fata, kuma ta hau kan kwamitin. Wanda ya ɓoye kamanninsa don tsoron wariya ya miƙa wuya tun kafin a nemi hakan daga gare shi, ya kuma koya wa ɗansa cewa sai an sauya kama ake samun haƙƙi.

Akwai kuma 'yan uwanmu da suka karkata ɗaya gefen, masu fito da babbar rigar shadda da leshin biki don a san su ba ƙananan mutane ba ne. Wannan ɗabi'a ce da muka taho da ita daga gida, inda shiga ofis da alamar arziki kan buɗe ƙofa. A wannan zaman, muƙamin uba ko kuɗinsa ba sa cikin abin da ake aunawa. Bukatar yaro ake dubawa: ciwon da ke sa doguwar tafiya ta yi masa wuya, yayansa da ke makarantar, darasin da ita kaɗai ke koyarwa a yankin.

Don haka a sa abin da aka saba fita da shi zuwa aiki ko ganin likita, mai tsabta, wanda ba zai takura ba. Kaftani ne, atamfa ce da mayafi, ko rigar aikin asibiti ga wadda ta fito daga aikin dare, duk sun wadatar. Wasu zaman ma ta bidiyo ake yin su yanzu.

Lokacin da za a ɓata a kanti, a ba takardu shi. Ana ba iyaye aƙalla kwana 20 na makaranta su shigar da ƙara, kuma a sanar da su ranar zama aƙalla kwana 10 na makaranta kafin ta zo. A nemi wasiƙar likita da wuri, a karanta ƙa'idojin ɗaukar ɗalibai layi-layi, a rubuta tambayoyi, a nemi tafinta ko abokin rakiya idan Turanci zai kawo cikas. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan an tashi daga zaman, takardun da iyaye suka miƙa da bayanan magatakarda su ne za su saura a gaban kwamiti lokacin yanke hukunci.