Ladabin Munazara a Majalisun Koyo na Matasa

Tun daga shekarar 1935, sa'ad da ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Amurka, wadda suke kira American Legion, ta tara waɗansu samari a jihar Illinois, ta ba su mako guda su kafa jam'iyyu, su yi zaɓe, su fitar da gwamna da alƙalai da 'yan majalisa daga cikinsu, wannan dabara ta koyar da mulki ta hanyar kwaikwayonsa ba ta gushe tana yaɗuwa ba, har ya zamana a yau kusan kowace jiha ta ƙasar tana da nata zaman, wanda ake kira Boys State. A 1936 ƙungiyar YMCA ta buɗe irin nata a jihar New York, a 1937 kuma 'yan mata suka sami nasu. Daga irin wannan zama ne aka zaɓi wani yaro ɗan shekara 16 daga Arkansas, mai suna Bill Clinton, ya tafi Washington a watan Yuli na 1963, ya yi musabaha da Shugaba Kennedy a Fadar White House, bayan shekara talatin kuwa shi da kansa ya shiga fadar.

A bisa al'ada yaro ba ya shiga irin wannan majalisa sai shi da waliyyinsa sun sa hannu a takardar ƙa'idoji, kuma duk wanda ya duba irin waɗannan takardu zai tarar da su kusan lafazi ɗaya: ba giya, ba taba, ba ƙwaya, ba makami, a sa tufafin mutunci a zauren majalisa, a rataya katin suna a wuya, kowa ya shige ɗakinsa a lokacin da aka ƙayyade da dare, namiji kada ya shiga ɗakin mace, kada kowa ya fita daga harabar ba da izini ba, wanda ya ƙetare haddi a mayar da shi gida, iyayensa su biya kuɗin hanya. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da zan ce a cire, domin 'ya'yan mutane amana ne, wanda kuwa ya karɓi ɗaruruwan yara ya kwana da su a baƙon gari, wajibi ne ya tsare lafiyarsu da mutuncinsu kafin komai. Sai dai abin da ke damuna shi ne, waɗannan sharuɗɗa za su dace da zangon 'yan ƙwallo ko yawon buɗe ido na makaranta ba tare da an sauya harafi ba, alhali kuwa majalisa wuri ne da aikinsa duka magana ce, kuma a kan magana ɗin nan takardar ta fi taƙaitawa, galibi ba ta wuce umarni guda na a girmama juna.

Wanda yake son ya ga illar wannan giɓi, ya nemi fim ɗin da aka ɗauka a zaman jihar Texas na 2018, aka fitar a 2020 da sunan Boys State. Samari fiye da dubu ne a birnin Austin, an raba su jam'iyya biyu. Ɗaya daga cikin masu neman gwamna, yaro mai fara'a da kwarjini, ya hau dandamali ya faɗi matsayi mai tsanani a kan mas'alar zubar da ciki, zaure ya ɗauki tafi da sowa. Da aka keɓe da shi gaban na'urar ɗaukar hoto, sai ya faɗa da bakinsa cewa ra'ayinsa na haƙiƙa kishiyar wannan ne, amma ya lura ba zai ci zaɓe da shi a wannan taro ba, saboda haka ya faɗi abin da ake son ji. A cikin zaman dai aka buɗe shafi a Instagram don neman tsige shugaban ɗaya jam'iyyar, wani yaro baƙar fata, har aka sa abin cin mutunci mai ɗauke da wariyar launin fata. Yaron nan na farko bai sha giya ba, bai fita harabar ba, katinsa yana wuyansa. A ma'aunin takarda ba shi da laifi ko kaɗan, ga shi kuwa a cikin kwana shida ya gwada yaudarar jama'a ya ga tana jawo tafi, kuma wannan darasi ba ya cikin waɗanda ake mantawa.

Na san za a ce ai wasa ne, yara ne, ba wanda aka cuta da dokar da ba za ta hau kan kowa ba. Mu Hausawa mun san kwaikwayon mulki tun kafin mu ji labarin Illinois: a wasan kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samarin ƙauye sukan naɗa sarki da gwamna da alƙali da 'yan doka, a kama mai laifi a yi masa shari'a a ci shi tara, ana dariya, a Damagaram kuma ga wasan kara, inda ake kwaikwayon manyan gwamnati da kayan aiki na karan dawa. Amma maƙasudin waɗannan nishaɗi ne, wani lokaci da shaguɓe, don haka mai kwaikwayo yana da 'yancin ya ɗauko mai mulki da aibinsa duka, har ma aibin ne ya fi ba da dariya. Majalisar koyo kuwa an kafa ta ne don tarbiyya, kuma matuƙar ba a bambanta wa yaro tsakanin abin da masu mulki suke yi da abin da ya wajaba a kansu su yi ba, to, zai ɗauki na farkon, domin shi yake gani kullum a talabijin da wayarsa.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. A 2008 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da Majalisar Matasa ta Nijeriya, mai kujeru 109 daidai da mazaɓun Majalisar Dattawa, kuma kakakinta na farko, Onofiok Luke, daga baya ya zama kakakin majalisar dokokin jihar Akwa Ibom, sa'an nan ɗan Majalisar Wakilai ta tarayya. Tun da aka sa hannu a gyaran tsarin mulki na ranar 31 ga Mayu, 2018, ɗan shekara 25 yana iya tsayawa takarar majalisar jiha ko ta Wakilai, wato tazarar da ke tsakanin kujerar gwaji da ta gaske ta zama 'yar kaɗan. To, me waɗannan matasa suka taso suna gani? Sun ga an yi dambe a zauren Majalisar Wakilai a watan Yuni na 2010 har aka yayyaga riguna. Sun ga 'yan daba sun kutsa Majalisar Dattawa ranar 18 ga Afrilu, 2018, sun sure sandar majalisa ana tsakiyar zama, sai washegari 'yan sanda suka tsince ta a ƙarƙashin wata gada a Abuja. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Malamanmu na da ba su bar wannan fage fayau ba, domin suna da fanni mai zaman kansa da suke kira adabul bahsi wal munazara, wato ladabin bincike da jayayya ta ilmi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babi a farkon Ihya'u Ulumiddin don bayyana cututtukan da munazara ke haifarwa a zuciyar mai yinta idan nufinsa rinjaye ne kawai, ya lissafa hassada da girman kai da ƙullaci da giba da yabon kai da bin diddigin aibin abokin jayayya da munafunci da riya da ƙin karɓar gaskiya bayan ta bayyana. Ya kuma sharɗanta cewa mai munazara na ƙwarai shi ne wanda bai damu ba ko gaskiya ta fito daga bakinsa ko daga bakin abokin hamayyarsa. Ga wanda ya kalli fim ɗin Texas, kamar malamin yana zaune a zauren ya rubuta. Turawan Ingila ma, ta tasu hanyar, sun isa kusa da nan: a majalisarsu ba a fuskantar abokin hamayya da magana sai ta kan kakaki, ba a kiran ɗan majalisa maƙaryaci, wanda ya kira sai ya janye ko a fitar da shi; a ɗaya gefen kuma yaudarar majalisa da gangan laifi ne babba, kamar yadda wani kwamitinta ya tabbatar a kan tsohon Firayim Minista Boris Johnson a watan Yuni na 2023. Sun haramta zargin ƙarya a zaure, sun kuma yi wa ƙaryar kanta kotu, kuma waɗannan biyu ba sa tsayuwa sai tare.

Saboda haka, a ganina, duk mai shirya majalisar koyo, a Austin take ko a Abuja ko a wata sakandare ta Katsina, ya kamata ya rubuta wa harshe ƙa'idoji filla-filla kamar yadda ya rubuta wa dare da tufafi. Wanda ya kawo adadi ko labari a matsayin hujja ya faɗi inda ya samo shi, idan kuma aka nuna masa kuskure ya miƙe ya janye a gaban waɗanda ya faɗa wa. Kafin mutum ya rushe hujjar wani, ya maimaita ta tukuna yadda mai ita zai ce na'am, haka nake nufi. Wannan sharaɗi kaɗai, in an riƙe shi, zai kashe rabin hayaniya, domin mafi yawan masu ɗaga murya ba su saurari abin da suke mayar wa martani ba. Ƙabila da addini da launi da gidan da mutum ya fito kada su zama makami, a zaure ko a WhatsApp, domin abin da aka rubuta a waya da tsakar dare ɓangare ne na zaman. Idan an ba yaro wani matsayi ya kare don horo, a sanar da kowa haka aka yi. Amma mai neman ƙuri'a da sunan kansa ba shi da rangwamen faɗin abin da bai yarda da shi ba. Kyautar kati ko kuɗin abinci ko alƙawarin muƙami don ƙuri'a, a kira ta da sunanta, rashawa, ko da naira ɗari ce.

Manya ma su sa hannu a tasu takardar, malamai da masu kula da 'yan siyasar da ake gayyata, cewa ba za su tsayar da ɗan takara ta bayan fage ba, ba za su ba wani yaro kuɗin kamfe ba, ba kuma za su keɓe da yaro ko yarinya inda ba na uku ba.

Saura batun hukunci, wanda a nan ne ƙa'ida takan mutu ko ta rayu. Laifin da ya taɓa lafiya ko mutuncin jiki na manya ne, su yanke nan take. Laifin harshe kuwa, a bar wa kwamitin ladabtarwa na matasan kansu, wanda aka zaɓa daga kowane ɓangare a ranar farko, tun kafin a san wa zai yi ƙara da wa za a yi ƙararsa. A rubuta tuhuma, a ba wanda ake tuhuma damar kare kansa da kawo shaida, ɗan kwamitin da ke da hannu a rigimar ya tashi, sa'an nan a yi ta'aziri gwargwadon laifi, daga nasiha a keɓe, zuwa janye magana a bainar jama'a, zuwa hana magana na zama guda, har zuwa soke takara, tare da ƙofar ɗaukaka ƙara zuwa ga manya.