Kada Dubiya ta Zama Hanyar Kai wa Majinyata Cuta

A hunturun bara na je duba wani dattijo ɗan'uwanmu, manomi daga yankin Ɗansoshiya, wanda aka kwantar a wani asibiti na kudancin Kano saboda ciwon sukari. Na tarar da ɗakin maƙil da jama'a: kowane gado da masu jinya biyu ko uku a kan tabarma, 'yan dubiya na shigowa ayari-ayari da kwanukan abinci, an kuma rufe tagogi ruf saboda sanyi da ƙura. Wani saurayi da ya zo gai da maƙwabcin gadon dattijon namu yana ta tari da atishawa. Da na ce masa gara ya tsaya daga waje, sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai mura ce kawai." Bayan 'yan kwanaki, mutumin da ya zo da ciwon sukari ya koma numfashi da ƙyar, sai da aka garzaya da shi Kano. Allah Ya yi da sauran kwanansa a gaba.

Sana'ata nazarin harshe ce, shi ya sa maganar saurayin nan ta tsaya mini a rai. Kalmar "mura" a bakinmu babbar jaka ce da muka zuba cututtuka daban-daban a ciki. Da murar da ke wucewa cikin kwana uku, da infuluwenza, da korona, da ƙwayar RSV wadda ke kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 100,000 a duniya kowace shekara, duk da kama ɗaya suke farawa, duk kuma suna ɗaya muke kiran su. Sannan mukan ce "sanyi ya kama shi", mu ɗora wa hunturu laifi, alhali waɗannan ƙwayoyi na bairos daga numfashin mutum suke fita su shiga na wani. Ƙwayar ƙyanda ma takan kai awa biyu a cikin iskar ɗaki bayan mai ita ya fita. Abin da lafiyayye zai warke da shayi da citta, shi ne kan zama ajalin jariri bakwaini, ko tsoho mai ciwon zuciya, ko yaro mai sikila.

Mai karatu zai iya tuna abin da ya faru a Koriya ta Kudu a 2015, inda matafiyi guda ya komo daga Gabas ta Tsakiya da cutar MERS. Mutum 186 suka kamu, 38 suka mutu, kuma kusan dukkansu a asibiti suka ɗauka. Daga cikin dalilan da masu bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya suka lissafa akwai cunkoso, da zaman 'yan'uwa a ɗakin majinyaci, da yawan 'yan dubiya. Kai ka ce asibitocinmu ake siffantawa. A nan gida kuwa, Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana a watan Yunin 2020 cewa an ƙirga mace-mace 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin Kano, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona. Galibinsu dattawa ne masu fama da wasu cututtuka tun tuni.

Na san za a ce dubiya ibada ce kuma zumunci ce, kuma inda ma'aikatan jinya suka yi ƙaranci 'yan'uwa ne ke ciyar da majinyaci su yi masa wanka. Duk gaskiya ne, ba kuma hanawa nake kira a yi ba. Amma addinin da ya kwaɗaitar da dubiya shi ne ya hana cutarwa. Mai tari ya yi gaisuwarsa ta waya, ya aika da addu'a da abin hannunsa. Kowane gado mai jinya ɗaya ya isa, a kuma daina shiga da ƙananan yara.

Ita kuwa Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano, akwai abin da ba ya bukatar miliyoyi: ruwa da sabulu da takunkumi a ƙofar kowane ɗaki, kusurwar da aka ware wa masu tari, da tagogi a buɗe da rana, a ƙara wa majinyata bargo. Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan amfani da iskar taga wajen rage yaɗuwar cuta a asibiti. Wannan ya fi muhimmanci a Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, inda wanda numfashinsa ya sarƙe ke da doguwar tafiya kafin ya isa manyan asibitocin birni.

Mu masu aiki da harshe ma muna da namu kason. A rubuta gargaɗi da boko da ajami, a faɗe shi da Fulfulde domin makiyayan Ɗansoshiya da Falgore, limamai da gidajen rediyo su riƙa cewa "mura mai yaɗuwa" har ta zauna a bakin mutane. A ɗakin marasa lafiya babu murar da ta cancanci a bi ta da "kawai". Allah Ya ba majinyatanmu lafiya, amin.